Ƙafar Baba Manolis Ta Ɓata a Gidan Vesna

Ranar Laraba da hantsi, kafin zafi ya kora mutanen Bindarra zuwa ɗakunansu na ƙarƙashin ƙasa, rabin garin ya taru a ƙofar gidan Vesna. Ƙafar Baba Manolis ce ta ɓata.

Ƙafar roba ce da likitoci suka auna masa a birni, ya yi wata tara yana jiran ta. Ranar Talata da safe motar saƙo ta kawo ta cikin dogon kwali, Vesna ta sa hannu ta karɓa. Da yamma 'yarsa Popi ta zo ɗauka, aka nemi kwali sama da ƙasa aka rasa. Ga shi ranar Asabar za a ɗaura auren Popi, tsohon kuwa ya daɗe da rantsuwa cewa da ƙafa zai raka ta cikin coci, ba a keken guragu ba.

Gidan Vesna ne na ƙarshe a bakin kwalta. Daga nan sai hanyoyin ƙura da tsofaffin ramukan haƙar dutse mai daraja da ake kira ofal, waɗanda babu direban da ke yarda ya bi ta tsakaninsu. Shi ya sa duk kwalin da ya shigo garin, da wanda zai fita, a ɗakin kwanon da ke gefen gidanta yake kwana. Ba wanda ya ɗauke ta aiki. Maƙwabci ɗaya ne ya fara roƙon ta bayan rasuwar mijinta, sai na biyu, sai na uku, har ta shekara goma sha ɗaya tana yi, mutane suka manta alfarma ce.

Goggo Merle ta ajiye tsohuwar motarta nesa da taron, ta tako a hankali idonta a ƙasa. Shekarunta sittin da biyu, talatin daga ciki ta yi su tana bin sawun kyanwoyin daji da raƙuma a ƙarƙashin hukumar gandun daji. 'Yan sanda ma sun sha neman ta idan baƙo ya ɓata a jeji. Kakarta ce ta koya mata karatun ƙasa tun tana yawo ba takalmi. Sajan 'yan sanda mai kula da yankin tana can kudu, ruwan da aka yi ya cika rafi ya yanke hanya, don haka ta buga wa Merle waya ta ce ta duba mata kafin ta iso.

Baba Manolis yana zaune a gaban motar angon 'yarsa, ya leƙo kai ta taga yana ta faɗa.

"Kin sa hannu ko ba ki sa ba?"

"Na sa," in ji Vesna. Tana tsaye a bakin ɗakin kwano, makulli a dunƙule cikin hannunta.

"To ina ƙafata? Tashi ta yi ta tafi yawo ita kaɗai?"

Wasu suka yi dariya. Wata mata ta ce ai bara ma tukunyar da ta yi oda ta zo a lotse. Wani ya ce a binciki cikin gidan, don mutum ba zai yi ta wahala haka kawai ba tare da yana lasar wani abu ba. Vesna ta dubi mai maganar. Ita ce ta ajiye masa maganin ciwon sukarinsa a firjinta duk bazarar da ta wuce. 

Angon, Brodie, yana riƙe da sitiyari. Saurayi ne mai kunya, shekararsa biyu a garin, aikinsa zagaya wani dogon shingen waya da ke tare karnukan daji yana gyara inda ya tsinke. Ya dafa kafaɗar tsohon ya ce, "Baba, ka sassauta. Za a gan ta."

"Sannunku da aiki," in ji Merle. Ba ta ɗaga murya ba, amma aka yi tsit. "Kun tattake mini duk abin da ƙasa za ta faɗa a ƙofar nan. Ko garken awaki ba zai yi ɓarnar da kuka yi ba. Akwai wanda ya ga wani abu da idonsa? Ban tambayi abin da kuke zato ba."

Matar mai tukunya ta matso. "Ni na ga Cyril, Goggo. Jiya wajen sha ɗaya, ya fito daga nan da dogon kwali a hammata, yana waige-waige."

Taron ya ruɗe. Kowa ya san Cyril ne abokin haƙar Manolis ranar da rami ya rufta ya cinye masa ƙafa, kuma shekara goma sha huɗu ke nan ko gaisuwa ba ta haɗa su.

"Na ji," in ji Merle. "Kowa ya tafi gida. Wanda ya je wa Cyril da wata magana kafin ni, zan san sawunsa."

* * *

Da aka watse, Vesna ta buɗe ɗakin. Merle ta tsaya a bakin ƙofa ba ta shiga ba.

"Wa ya shiga tun jiya da yamma?"

"Ni da Popi kawai. Da muka rasa kwalin na rufe. Ke kin san ban taɓa sa wa ɗakin nan kwaɗo ba sai jiya. Mai kawo kaya ya ajiye, mai ɗauka ya ɗauka, ko ina nan ko ba na nan."

"Ina kika ajiye shi?"

Vesna ta nuna kantar ƙasa, hagu da ƙofa. "Nan. Da rana na sauka ciki na kwanta, kamar kowa. Ban ji komai ba."

Farar ƙurar Bindarra ba ta ƙyale ko'ina, ta shimfiɗu a daɓen ɗakin kamar gari. Merle ta tsuguna. Ga silifas ɗin Vesna ko'ina. Ga manyan takalman Rawiri direban motar saƙo. Ga na Popi, irin na ma'aikatan asibiti, sun yi ta kai da kawowa. Sai na huɗu: takalmin aiki irin wanda kusan duk namijin garin ke saya a kanti ɗaya. Mai shi yana ɗan jefa ƙafar dama waje, diddigensa na hagu kuma yana sharar ƙasa kafin ya sauka. Merle ta san tafiyar duk wanda ya girma a garin nan. Wannan ba ta haddace ta ba.

Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne mutumin bai nemi komai ba. Taku huɗu ya yi zuwa kanta, ya juya ya fita. Ɗakin cike yake da kwalaye, ga duhu ga wanda ya fito daga hasken rana, amma bai tsaya karanta suna ko ɗaya ba.

"Cyril fa?" in ji ta.

Vesna ta kau da kai. "Ya karɓi nasa. Ni na miƙa masa a ƙofa."

"Me ke ciki?"

"Ba na faɗin abin da ke cikin kayan mutane, Merle. Ko ke ce."

"Ana shirin kiran ki ɓarauniya, ke kina rufa wa wani asiri?"

"Su kira."

Merle ta miƙe tana karkaɗe gwiwa. "Rufe. Rana ta yi sama, ƙasa ba ta magana yanzu. Zan dawo da la'asar."

* * *

Cyril yana zaune a ƙofar raminsa yana wanke duwatsu a kwano. Da ya hango ta ya taso, yana jan ƙafafunsa biyu kamar yadda ya saba tun da bayansa ya lalace. Merle ta kalli layukan da ya bari a ƙura, ta san ba shi ba ne tun kafin ya buɗe baki. Amma ta zauna, don garin yana bukatar amsa.

"An aiko ki kama ni?"

"An ce an gan ka da dogon kwali."

"Nawa ne."

"Nuna mini, Cyril, in tafi. Zafi nake ji."

Ya yi ta gunaguni, daga baya ya sauka ciki ya fito da kwalin. Sandar dogarawa ce ta baƙin katako, an dasa mata dutsen ofal mai launin shuɗi da ja a kai. Merle ta daɗe ba ta ga dutse mai kyawunsa ba.

"Daga raminmu ya fito," in ji Cyril, yana kallon gefe. "A aljihuna yake ranar da abin ya faru. Na kasa sayarwa, na kasa kai masa. Na ji an ce mai sabuwar ƙafa sai da sanda a farko. Shi ne na aika aka haɗa."

"An gayyace ka bikin?"

"Wa zai gayyace ni? Na yi niyyar in ba Vesna ta sa a cikin kayan biki, ba suna."

"Tsohon banza," in ji Merle, tana murmushi. "Shekara goma sha huɗu kuna kumbure-kumbure kamar yara. Gobe da hantsi ka zo gidan Vesna, ka zo da sandar."

"Ba inda za ni."

"Za ka zo."

* * *

Rawiri, ƙaton mutum mai yawan dariya, yana gidan mai, ya kwana can saboda ruwa ya hana shi komawa kudu. Ta same shi yana cin soyayyen ƙwai da burodi.

"Goggo! Zauna, in sa a kawo miki shayi. Kada ki ce ni ma ana zargi na. Me zan yi da ƙafa ta uku? Biyun ma da ƙyar nake samun takalminsu."

"Ka kai kwalin ciki da kanka?"

"Da hannuna. Inna Vesna ta ce in dakata, ta kwashe kayan da za su fita daga kantar ƙasa ta mayar da su can ƙurya, sannan na ajiye shi a wurin."

Merle ta ajiye kofin da aka miƙo mata. "Ta kwashe kayan da za su fita? Ba ka ɗauke su ba?"

"In kai su ina? Hanya a rufe take. Na ce su jira sai Juma'a. A nan ma na faɗa da na dawo shan mai, kowa ya ji, don kada a yi ta damu na da tambaya."

"Su wa suka ji?"

"Haba Goggo, tsakar rana a gidan mai? Duk wanda ke da mota ya ratsa nan."

"A cikin kayan da ka bari akwai dogo?"

Rawiri ya daina tauna. "Akwai ɗaya. Kusan tsawonsu ɗaya da na Baba Manolis. Har na yi wa Inna Vesna wasa na ce ko wani ne ke mayar da tsohuwar ƙafarsa."

Merle ta shanye shayinta har ƙasa, ta ce masa shi ma ya zo gobe da hantsi.

* * *

Da la'asar rana ta karkata, haskenta ya shigo ta ƙofar ɗakin kwano a kwance, kowane sawu ya yi inuwa. Merle ta kwanta rub da ciki a bakin ƙofa, kuncinta kusa da ƙasa. Vesna tana tsaye a bayanta tana fifita da takarda.

Ta daɗe a haka. Sawun mai sharar diddige iri biyu ne. Wani ya hau kan na Rawiri ya danne shi, wato ya zo bayan direban ya tafi. Wani kuma, wanda ya ɗan dusashe, na Rawiri ne ya hau kansa. Mutumin ya zo sau biyu, kafin motar saƙo da bayanta, kuma duk zuwan biyu wuri ɗaya ya nufa.

"Vesna, dogon kwalin da kika mayar ƙurya, wa ya kawo shi?"

"Ban gani ba. Ranar Litinin na je shagon magani, na dawo na tarar da shi a kanta. An riga an manna masa takarda."

"Sunan wa?"

"Wani R. Millard. Na ɗauka baƙo ne cikin masu zuwa sayen dutse."

Merle ta hango wani abu. Da zafi ya sauka tururuwa sun fito, sun ja layi ta ƙarƙashin kwano, sun wuce kwalin busassun 'ya'yan itace na matar fasto ba su kula shi ba, sun nufi ƙurya. Ta tashi ta bi su ta gefen bango. A jikin dogon kwalin suka ƙare. An rubuta a takardarsa cewa sassaƙen katako ne na tsaraba.

"Tururuwar nan nama take bi," in ji Merle. "Ba ruwanta da katako. Kawo wuƙa."

"Ba na buɗe kayan mutane."

"Ke ba ki buɗe ba. Ni na buɗe, kuma ni zan gaya wa Sajan."

Wari ne ya fara fitowa. A ƙarƙashin tsummoki akwai safa goma sha biyu, kowace an ɗaure bakinta, kowace da abu mai nauyi a ciki. Merle ta kwance ɗaya, ƙadangare ya faɗo tafin hannunta, irin mai kaurin ɓawo da guntuwar wutsiya, wanda masu kuɗi a ƙasashen waje ke saya su sa a akwatin gilashi. An naɗe ƙafafunsa da salatif. Da ƙyar ya buɗe ido. Biyu sun riga sun mutu.

Vesna ta dafe baki. "A ɗakina! Shekara nawa ake wuce da wannan ta hannuna?"

"Wannan sai mai shi ya faɗa. Ɗebo ruwa, mu kai su ciki wurin sanyi."

Suna kwance sauran, Merle ta tsaya tana juya abin da aka ɗaure safar da shi. Siririyar waya ce, an yi mata murɗi uku, an lanƙwasa bakin ciki don kada ya soki hannu. Ta sha ganin irin wannan ɗauri, ɗaruruwansa, a jikin dogon shinge. Ta tuna kuma da safe ban da Baba Manolis akwai mutum ɗaya da bai sauko daga mota ba tun zuwanta har aka watse. Ta yi ajiyar zuciya. Ita ta fara nuna wa Popi sawun zomo tana 'yar shekara biyar.

Amma waya ba shaida ba ce, maza da yawa a garin sun taɓa aikin shinge. Sai ta ga sawunsa tukuna.

"Kada ki gaya wa kowa," ta ce wa Vesna. "Ara mini tsintsiyarki gobe."

* * *

Ranar Alhamis da sassafe Merle ta share filin ƙofar gidan Vesna tas, ta bi shi da reshe har ƙurar ta kwanta sumul. Ta ja dogon layi da sanda. 'Yan kallo da suka zo ba gayyata ta tsayar da su bayan layin. Ta ajiye kujeru a inuwar ɗakin kwano. Rawiri ya zo ya zauna. Cyril ya zo yana jan ƙafa, da kwalinsa a hammata.

Motar Brodie ta zo ƙarshe. Popi ta sauko ta ciro keken mahaifinta, tayoyin suka nutse a ƙura.

"Keken ba zai tafi a nan ba," in ji Merle. "Brodie, ɗana, sauko ka kamo surukinka."

Brodie bai motsa daga mota ba. "Goggo, ai daga nan ma muna ji."

"Sauko mana," in ji Popi. "Ni kaɗai zan ɗauke shi?"

Ya sauko. Ba takalmin aiki ba ne a ƙafarsa, silifas ne sabo. Ya zagaya ta gaban mota, ya kamo tsohon, suka zaunar da shi. Merle ba ta kalli fuskarsa ba ko sau ɗaya. Ta je ta tsuguna inda ya zagaya, ta daɗe, sannan ta miƙe.

"Baba Manolis, ka zargi Vesna. Da ita ce, ba za ta sa hannu sannan ta buga muku waya ku zo ku ɗauka ba. An zargi Cyril. Cyril, buɗe kwalinka."

Cyril ya buɗe yana harare-harare, ya ɗora sandar a cinyar Manolis. Tsohon ya kalli dutsen, ya kalli Cyril.

"Wannan ku ƙarasa a tsakaninku," in ji Merle. "Yanzu ku saurara. Ba wanda ya zo satar ƙafa. Ranar Litinin wani ya kawo dogon kwali ya ajiye a kantar ƙasa don mota ta tafi da shi. Ranar Talata ya ji a gidan mai cewa kayan za su zauna cikin kwanon nan har Juma'a. Ya san abin da ke ciki ba zai kai Juma'a da rai ba, kuma wari zai tona shi. Sai ya zo tsakar rana, ya shiga da sauri daga haske zuwa duhu, ya ɗauki dogon kwali daga inda ya ajiye nasa. Bai san Vesna ta canza wa kaya wuri ba."

Ta yi wa Vesna alama. Vesna ta fito da babban kwando, ta yaye zanen da ke kai. Ƙadangaru goma suna motsi a ciki. 'Yan kallo suka yi ta salati da surutu.

"Mutumin ya bar sawu sau biyu a ɗakin nan," in ji Merle. "Yana jefa ƙafar dama waje, diddigen hagu yana sharar ƙasa. Takalmi ana canza shi. Tafiya ba a canza ta." Ta nuna ƙasa, gaban mota. "Ga ta nan, taku tara. Duk mai ido ya zo ya gani, sannan ya leƙa ɗaki."

Rawiri ne ya tashi ya je ya duba, ya leƙa ɗakin, ya dawo ya zauna bai yi dariya ba.

Popi ta juya. "Brodie?"

Brodie ya zauna a ƙasa.

"Ina ƙafar take?" in ji Merle.

"Tana bukkata ta bakin shinge, Goggo. Na naɗe ta da bargo, ko ƙwarzane babu. Sai da na yi nisa na buɗe na ga abin da na ɗauko. Na so in dawo da ita in ajiye a ƙofar Baba, amma da na ji an kira ki, na san duk inda na taka za ki karanta."

"Sau nawa ka aika irin wannan ta ɗakina?" in ji Vesna.

Ya sunkuyar da kai. "Wannan ne na huɗu, Inna. Wani mutum ne daga birni ya same ni. Ya ce ba wanda ke duba kayan da suka fito daga hannunki." Ya ɗago ya dubi Popi. "Gida nake so in yi mana mai taga, a bakin teku. Kin sha faɗa kin gaji da zama a rami."

Popi ba ta yi kuka ba. Muryarta ma ba ta yi rawa ba.

"Ranar Talata ka zauna a teburinmu ka ci abinci. Baba yana kuka, yana zagin Inna Vesna, kana jin sa. Jiya ka kawo shi nan da motarka ya ci mata mutunci a gaban gari, kana dafa shi kana cewa za a gan ta. Da ka zo mini ka ce ka yi wauta, wataƙila da na saurare ka. Amma ka zuba ido za a hallaka matar nan don kai ka tsira."

"Popi, tsoro ne..."

Ta zare zoben ta ajiye a kan murfin motarsa. "Goggo, zo ki kai ni bukkar in ɗauko wa Baba ƙafarsa."

* * *

Ranar Juma'a ruwa ya janye, Sajan ta iso ta tafi da Brodie. Ya ba ta sunan mutumin birni tun kafin su bar gari. Ma'aikatan gandun daji suka mayar da ƙadangarun cikin jan yashin da aka kwaso su. Ranar Asabar ba a yi biki ba. Ragunan da aka yanka aka raba wa maƙwabta, Cyril ya samu cinya guda, Manolis da kansa ya ce a kai masa.

Vesna kuwa ta sa wa ɗakin kwano kwaɗo, ta manna takarda a ƙofa cewa ta daina karɓar kayan kowa. Rawiri ya koma sauke kayan Bindarra a garin da ke kudu, tafiyar awa biyu da rabi. Mutane suka ɗanɗana kuɗarsu. Mai ciwon sukari ne ya fara zuwa ba da haƙuri, sai matar mai tukunya da kek a faranti. Vesna ta karɓi kek ta yi godiya, kwaɗo yana nan inda yake.

Sati uku aka yi haka. Wata Lahadi da safe Merle tana shan shayi a ƙofar Vesna, suka hango mutum yana tahowa ta hanyar ƙura, a hankali, yana tsayawa yana hutawa. Baba Manolis ne, Popi tana bin sa a baya da nisa, ya hana ta matsowa. Daga gidansa zuwa bakin kwalta ba wata tafiya ba ce, amma ta ci masa kusan rabin awa. Ya iso rigarsa sharkaf da gumi, ya cire hula.

"Vesna, na zage ki a gaban mutane. Ban ga dama in aiko ba, ban ga dama a turo ni a keke ba. Na zo da kaina. Ki yafe mini."

Vesna ta dube shi daga sama har ƙasa. Har Merle ta fara tunanin za ta kore shi.

"Ƙafar ta yi maka daidai?" in ji ta.

"Tana ɗan cizo na a gwiwa."

"Za ka saba." Ta tashi ta tura ƙofar gida. "Shigo ka sha ruwa kafin ka faɗi a ƙofata a ce ni na kashe ka. Amma yanzu na goge daɓe, Manolis. Cire takalmi. Duka biyun."